Guzurin Alhaji Mai Ciwon Suga

Mu nan Wudil idan namu zai tafi Makka, gida ba ya zama shiru. Wannan ta daka yaji, waccan ta kawo garin kunun tsamiya, wani ya aiko da kilishi da ƙuli-ƙuli. A majalisa kuwa, da an idar da La'asar sai lissafin tsaraba, wa za a kawo wa jallabiya, wa za a kawo wa carbi. Amma da wuya ka ji an ce, "Baba, maganin sugan naka zai kai ka har dawowa kuwa?"

Ai mun san halinmu. Mutum ya kai shanunsa kara ran Juma'a, ya sayar, ya biya kujera, sai tsoro ya kama shi kada a hana shi tafiya in ya faɗi ciwonsa wajen gwajin lafiyar maniyyata. Sai ya yi gum. Alhali sugan da ake kula da shi ba ya hana aikin Hajji, faɗin ma shi ke sa likitocin tawaga su san da zaman mutum.

Akwai wani malamin asibiti da muke zama tare, kullum aka zo kan maganar nan sai ya gyara zama. Ya ce, "Alhaji, allurar insulin ba a sa ta a babbar jaka. Sanyin ƙarƙashin jirgi zai iya daskarar da ita, jakar kuma tana iya kwana biyu ba ta iso ka ba. Riƙe abarka a hannu tun daga filin jirgin Malam Aminu Kano, da na'urar gwaji da takardar likita." In an sauka kuma zafi ne abokin gabarta. A Hajjin 2024 zafin Makka ya haura digiri 50, mahajjata fiye da 1,300 suka rasu. Don haka a nema wa insulin ɗin 'yar jakar sanyi, amma kada ta taɓa ƙanƙara.

Abin da ya fi damuna shi ne faɗuwar suga, don mu hawansa kawai muke tsoro. Safa da Marwa kaɗai ya fi kilomita 3, ga ɗawafi, ga tattaki daga tantin Mina zuwa wurin jifa. Dattijo ya haɗiyi magani da asuba, bai karya ba saboda ɗokin Harami, can sai jiri, sai gumi, sai rawar jiki. Na kusa da shi su ce rana ce, su yi ta yi masa fifita. Dabino uku a lalita, ko kwalin lemo mai zaƙi, su ne ceto a wannan lokaci. Amma fa na ceto ne, ba wai a tasa kwalin ajwa a gaba har a ga ƙarshensa ba.

Sai ƙafa. Takalmi ya ɓace a ƙofar Harami, mu ce ba komai, mu taka a ƙasa har masauki. Mai suga ƙafarsa kan yi dundus, ba ya jin ƙuna sai ta tashi. A sa takalmi a leda a shiga da shi. Wanda kuma ƙarfi ya gaza, malamanmu sun ce ya wakilta wani ya yi masa jifa.

Wasu da sun sha Zamzam sai su ajiye magani. A sha, a ƙoshi, a roƙi Allah waraka, a kuma ci gaba da maganin bisa ƙa'ida, ana tuna cewa agogon Saudiyya ya riga namu da awa 2.

Ke kuma Hajiya, gaya wa abokiyar ɗakinki tun daren farko, ki nuna mata inda dabinonki da maganinki suke.