Masu Tattakin Asuba a Nima da Maamobi

Da can, in aka ga dattijo mai rufin asiri yana taka sayyada daga Nima zuwa Kanda, sai a ce kuɗin trotro ne ya gagara. Yanzu da hawan jini da ciwon suga suka shiga lungunan Zango, likita da kansa ke cewa a taka. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Mutanenmu sun karɓi zancen, amma kowa da irin tasa karɓar.

Ga Alhaji mai gaisuwa. Ana sallame asuba zai fito da jallabiya da kambas fari sol, carbi a hannu, da niyyar kaiwa Babban Masallacin Ƙasa na Kanda ya dawo. Bai yi taku goma ba an tare shi. "Alhaji, barka da asuba. Ina gajiya? Ya mutan gida? Ashe abin da ya faru ke nan?" Sai a tsaya a shafa fatiha. Gaba kaɗan ya leƙa gidan suna, ya sasanta mai gida da ɗan haya kan kuɗin wuta, ya ji ƙarar wani suruki. Ƙarfe takwas ya koma ya ce wa Hajiya yau awa biyu cur ya yi a waje. Kuma bai yi ƙarya ba.

Mai ramuwa kuwa da gaske yake tafiya, daga Maamobi har filin Kawukudi, ya zagaya, riga sharkaf. Matsalar hanyar dawowa ce, don nan mai koko ta kafa tukunya. A zuba madara, a barbaɗa gyaɗa, suga kada a ji tsoro, ƙosai da pinkaso a takarda. Da hantsi sai waakye da taliya da gari da ƙwai da ganda. "Ai na ƙona shi tun da safe," in ji shi. Ranar awo kuma ya rantse sikelin asibiti ne ya lalace.

'Yan hawan dutsen Aburi sai Asabar. Riguna iri ɗaya, mota har Ayi Mensah, hoto a gindin dutse, hoto a Peduase. Abin da ya faru tsakanin hotunan biyu, direban tasi ne shaida.

Ni dai hajiyoyi nake sara wa. Su huɗu ko biyar, hijabi har ƙasa, ƙafa tana cin kwalta, baki bai huta ba. Kafin su dawo an tsayar da yayin bikin wata mai zuwa, an san wadda za ta kwashi adashi, an ɗaura aure biyu an kashe ɗaya. Hira ce ke fito da su kullum, shi ya sa su ke ɗorewa.

Akwai mai jiran lokaci: bayan azumi, bayan Babbar Sallah, in damina ta wuce, in hazo ya lafa. Hujjarsa fa ba ta banza ba ce. 'Yan tireda sun cinye gefen titi, kwata a buɗe, okada na fitowa ta inda ba a zata ba, ranar Laraba kuwa kasuwar Nima ko allura ba ta samun wurin faɗuwa. Sai dai shi ko masallacin ƙofar gida da babur yake zuwa.

Sai ɗan zamani mai agogon ƙirga taku, wanda ya ɗauki 10,000 kamar farilla, alhali wani kamfanin Japan ne ya yaɗa adadin a 1965 don tallar na'urarsa. Da farko a bes, majalisar samari, yake zama yana kurɓar ataya yana lilo da hannu, agogo na ƙirgawa. Da kafaɗa ta fara ciwo, sai ya ɗaura wa ɗan yayarsa da ake aike kasuwa sau biyar a wuni. Ran komawa asibiti ya miƙa wa likita waya yana murmushi. Likita ya duba, ya jinjina kai, ya ce madalla, sannan ya ce a miƙo hannu a gwada jini.