Sukuru Ɗaya Ya Tsayar da Mota

Masu tseren ƙananan motocin rimot sun fi tsoron sukuru ya faɗa ƙarƙashin tebur fiye da mota ta daki bango. Yawancin motocin da ke kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske suna ɗaure ne da sukuru M3, kaurinsa milimita 3 kacal.

Sai dai ba kowane M3 ne ɗan gida ba. Kamfanin Tamiya na Japan yana amfani da kan sukuru mai gicciye irin na JIS, wanda ido ke rantsuwa Phillips ne. Mutum ya sa sukurudireban Phillips, ya danna, ya murɗa, sai kan ya cinye ya koma rami mai santsi. Tsofaffin motocin Team Associated na Amurka kuwa da inci suke aiki, sukuru 4-40, ga shi kamar M3 amma zarensa daban.

Sannan ga 'yan ƙwalisa, masu sayen sukurun alminiyam shuɗi ko ja don rage nauyi. Motar kan yi kyau a hoto ƙwarai, amma alminiyam ya fi baƙin ƙarfe laushi, kuma alanki ba ya tausayinsa.