Safayar Da Ke Sayar Da Motoci

Dillalin mota ba ya cewa babu. Wannan zan iya ba da shaidarsa a gaban kowane alƙali. Ka tambaye shi jak, ya ce yana nan. Ka tambaye shi makulli na biyu, ya ce ai yana hannun yaro. Ka tambayi yaron, a ce yanzun nan ya fita sayo kati. Komai yana nan lafiya lau, kai ne dai ba ka iya zuwa a kan lokaci ba.

Corolla ce ƙirar 2006, ruwan toka, 'yar Amurka, a wani filin sayar da motoci da ke bakin titi a nan Kano. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya koma neman motar da ba ta shan mai, sai Corolla ta yi tsada ta kuma yi girman kai. A da dillali da Kwatano yake tinƙaho. Amma tun Janairun 2017 da gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, waƙar ta sauya: "Ta Legas ta shigo, Malam, ta Tin Kan, ga takardun kwastan ka duba." Na duba. Na kuma zo da bakanikena, mutumin da ba ya yarda da kowa, har ni. Ya ja mai ya murza a yatsa, ya shinshina ruwan lagireto, sannan ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta. Na ji ya ƙwanƙwasa salansa da sifana, ƙwas, ƙwas. Ya fito yana kaɗe riga ya ce, "Yallaɓai, Indomie ɗinta na nan." Haka bakanikai ke kiran tukunyar nan da ke tace hayaƙi a jikin salansa.

Sai aka buɗe but. Ga safaya, 'yar siririyar tayar nan ta Amurkawa, da rawayar takarda manne a jikin wili an rubuta kada a wuce mil 50 a awa, kusurwar takardar ɗaya ta yage. Ga jak, ga wil sifana, ga koshin ja mai kusurwa uku, ga abin kashe gobara. Makullai biyu suna lilo a zobe ɗaya. Aka yi albarka, aka yi ƙari, aka yi sallama. Na tura kuɗi, dillali ya karɓi la'adarsa, kowa ya shafa fatiha.

Alhaji mai filin ya ce, "Malam, ai ba a ɗaukar amarya da ƙura. Bar ta yara su wanke ta su goge, gobe ka zo."

Kashegari na tarar da ita tana ɗaukar ido, an shafe tayoyi da mai, ciki na ƙamshin lemon tsami. Aka miƙo min makulli ɗaya. Ɗayan fa? Yana hannun yaro.

Ranar Asabar akwai ɗaurin aure a Zariya, dangin uwargida. Ni na nace a tafi a motata. Surukata a gaba, uwargida da ƙanwarta da yara a baya, kulolin abinci a kan cinya. Muna tafe ina bayani a kan shan mai, ba wanda ya tambaye ni. Mun ɗan gota Kwanar Ɗangora sai sitiyari ya fara ja gefe, tayar baya ta yi lagwaf. Na gangara gefen titi cikin natsuwa, na waiwaya na ce, "Kada kowa ya damu, minti biyar ne, akwai safaya."

Na buɗe but, na ɗaga murfin ƙasa. Ramin tayar yana nan, an share shi tas har an goge. A tsakiyarsa silifa ƙafa ɗaya, ta hagu, koriya. Ba jak, ba sifana, ba koshin, ba abin kashe gobara. Na mayar da murfin na sake ɗagawa, ko da wani abu zai canja. Silifar dai.

Surukata ba ta ce min komai ba, kuma da ma ba za ta ce ba. Ta sauko ta shimfiɗa mayafi a inuwar darbejiya, ta dubi 'yarta ta ce, "Mota kam ta yi kyau. Ga ƙamshi." Wani direban haya mai tsoron Allah ne ya tsaya ya ara min jak, fasinjojinsa suna leƙe suna ba ni shawara ta taga. Ɗan acaɓa ya ɗauke ni rungume da taya zuwa wurin mai faci. Da muka isa Zariya an ɗaura, an watse, ko alawa ba mu tarar ba.

Litinin da sassafe ina filin Alhaji, da silifar a leda a matsayin hujja. Ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo kujera, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiyar hanya. Da na gama bayani ya riƙe baki.

"Subhanallahi! Babu safaya? A motar da ta fita daga nan?"

"Babu, Alhaji. Ga abin da na samu."

Ya karɓi silifar ya jujjuya ta, ya ƙwala wa yara kira ya ce wa ke da wannan. Mai wanki ya ce tasa ce, tun Juma'a yake nemanta. Ya karɓa ya yi min godiya sosai, har da addu'a. A ranar dai shi ne ya samu abinsa.

Daga nan Alhaji ya gyara zama ya karanta min tarihin motar. Ya ce yawancin motocin nan daga gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su a Amurka, kuma Bature in zai rabu da mota kwashe komai yake yi. In ta tsira daga nan, ga jirgin ruwa, makonni tana kan teku. In ta sauka, ga 'yan tasha a Legas. In ta fito, ga direban da zai koro ta kusan kilomita 1,000 zuwa Kano, yana kwana inda dare ya yi masa. "Ka ga hannaye nawa ke nan, Malam?" Gaskiya bayanin ya yi daɗi, kuma duk abin da ya faɗa yana faruwa. Sai dai na tuna masa cewa ranar Alhamis da la'asar ni da shi muka tsaya a kan wannan but ɗin, shi ya ɗaga murfin da hannunsa, har ya ce in taɓa in ji ba ta taɓa taka ƙasa ba.

Ya ce, "To ai ka ga tana nan ke nan. Ka dawo jibi."

Daga nan na zama ɗan gida. Mai shayin bakin ƙofa ya san ba na son sukari da yawa. Yaran filin in sun hango ni sai su ce, "Mai safaya ya iso." Wata rana Alhaji ya tafi ta'aziyya Gaya, wata rana makullin sito yana hannun ƙaninsa, wata rana an samo tayar amma an kai a ba ta iska. Ba wanda ya taɓa ɗaga min murya, ba wanda ya taɓa musa min. Rigima tana buƙatar mutum biyu, ni kuwa duk inda na kai naushi sai in tarar da "in sha Allahu".

Can dai aka mirgino min wata taya, babba, cikakkiya, Alhaji yana cewa ta ma fi waccan, kyauta ce ya yi min don zumunci. Na kai wa mai faci mu gwada. Huda biyar gare ta, ƙafar Corolla ma noti biyar. Ya ɗora, ɗaya ya shiga, huɗu suka ƙi. Ya juya, wani ɗayan ya shiga, huɗu suka ƙi. Ya ɗago yana share gumi ya ce, "Oga, ta Camry ce." Ashe da'irar hudojin Camry milimita 114.3 ce, ta Corollar wannan shekara kuwa 100. Na girma ban san akwai irin wannan bambanci a duniya ba, na koye shi a tsugune a bakin kwata. Kuma ko ramin but ɗin ba ta shiga, sai a kujerar baya na dawo da ita, na ɗaura mata bel.

A tsakanin nan motar ta fara wata murya. In na tayar da asuba maƙwabta sun san na tayar. Ga wani wari da ke shigowa in na tsaya a danja. Bakanike ya sake shimfiɗa kwalinsa. Wannan karon bai ƙwanƙwasa komai ba, sai na ji daga ƙasa ya ce, "Innalillahi." Ya ce in sunkuyo. Inda tukunyar nan take a da, yanzu guntun bututu ne miƙaƙƙe, da sabuwar walda gaba da baya, ko tsatsa ba ta yi ba.

A nan ne na daina dariya na ɗan lokaci, don safaya wasan yara ce a kan wannan. Tun 1975 motocin Amurka ke zuwa da wannan tukunya saboda dokar hayaƙi. A cikinta akwai wani farin dutse mai ƙananan huda-huda, an shafe shi da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam. Shi rodiyam ɗin a 2021 oza ɗaya ya haura dala 25,000 a kasuwar duniya. Masu saye ba ruwansu da motarka, dutsen suke so su niƙe. Shi ya sa daga Landan har Legas ake bin motoci ana yanke ta. Na ce to ai in an cire, kwamfutar mota kan kunna fitilar cek injin, ni kuwa ban ga komai a dashbod ba. Bakanike ya shiga ya sa farce a gilashin, ya ɓamɓaro ɗan guntun baƙin salatif, an yanka shi daidai wa daida. Fitilar tana nan a ƙasa tana ci abinta, ruwan lemo. Wanda ya yi wannan aiki, Allah ya sani, yana da tsabtar hannu.

Na koma filin a fusace, na yi alkawarin yau sai an ji mu. Alhaji ba ya nan. Ina zaune wurin mai shayi ina haɗa kalmomin da zan faɗa, sai ga dillali ya shigo da wani dattijo mai kamala, da gani kuɗin fansho ya karɓa. Suka nufi wata Corolla baƙa. Aka buɗe but, aka ɗaga murfi. Na taso a hankali na leƙa ta kafaɗar dattijon. 'Yar siririyar taya, rawayar takarda, kusurwa ɗaya a yage. Jak ɗina a gefe, koshin ɗina, abin kashe gobarata. Dillali yana cewa, "Taɓa ka ji, Baba, ba ta taɓa taka ƙasa ba."

Na ja maigadi gefe, tsoho ne mai goro a kunci, na ce, "Baba, don Allah wannan safayar ta wace mota ce?"

Ya dube ni ya dubi tayar. Ya ce, "Ɗana, wannan safayar na zo na same ta a wurin nan. Duk Corollar da aka sayar a filin nan ita ta sayar da ita."

Ban yi hayaniya ba. Na je na gaida dattijon har ƙasa, na yi masa fatan alheri, na ce mota ta yi kyau ƙwarai, shawara ɗaya ce gare ni: in ya biya, ya tafi da ita yau da ƙurarta, wanki ko a gida a yi. Na ce kuma ga lambar bakanikena, ya ƙware a duba salansa. Dillali ya fara tari. Kafin dattijo ya gama rubuta lambar, Alhajin da aka ce yana Abuja ya fito daga ofis da carbi a hannu.

"Malam! Ai kai nake ta nema. Shigo, shigo."

A ofis aka kawo lemo mai sanyi, karo na farko. Ya ce yara ne, ba su da hankali, sun ɗauka motar wani ce. Nan take aka kwaso safaya da jak da sifana da koshin aka zuba a but ɗina, ina tsaye ina ƙirgawa. Abin kashe gobarar da na duba, allurarsa ta kwanta a kan ja, ba komai a ciki, sai da na je Ƙofar Ruwa na sayi sabo, don jami'an kan hanya in suka tsayar da kai shi suke fara tambaya. Dattijon kuwa ya ce zai je ya yi shawara da iyali.

Maganar tukunya ta fi jan lokaci. Alhaji ya rantse bai san zancen ba, kuma wataƙila da gaske yake, don filin da dare ba shi ke kwana ba. Aka sa dattawan kasuwa a tsakani, aka yanke ya biya rabi in biya rabi, a sayo ta hannu. Yaronsa ya kawo wata a buhu, ya ce da ƙyar ya samo. Bakanike ya jujjuya ta, ya goge ta da tsumma, ya nuna min wasu 'yan tabo biyu a gefe.

"Yallaɓai, ka tuna ranar da na ƙwanƙwasa? Ga wurin."

Ta zauna daram, ko gyara ba a yi mata ba. Fitila ta mutu, murya ta kwanta, maƙwabta suka koma barcinsu.

Makulli na biyu ma ya iso daga baya, sabo fil, yana buɗe ƙofa yana buɗe but. In ka sa shi a tayar da mota sai injin ya yi ta gurnani ya ƙi kamawa, don na asalin akwai 'yar na'ura a kansa da motar ke ganewa, wannan kuwa ƙarfe ne zalla aka yanka a bakin kasuwa.

Shekaranjiya bayan magariba wayata ta yi ƙara. Alhaji ne. Ya tambayi iyali, ya tambayi mota, ya yi min barka da arziki. Sannan ya sassauta murya ya ce akwai wani babban baƙo da zai zo daga Katsina gobe duba Corolla, ko zan taimaka in ara masa safayar nan, yini ɗaya tak, kafin isha'i yaro zai dawo min da ita. Na ce ya fara aiko makullina na asali, sai mu yi magana. Ya ce a bar masa jak ɗin ma. Na ce jak da kuɗinsa daban.