Garin Neman Ƙiba

Wani maƙwabcina a Anguwan Rukuba, malamin makaranta, ya gano dabara. Tunda hukumar harajin Jihar Filato ce ke karɓar kuɗin takardun mota, ita ce kuma ke yankar harajin albashi, sai ta cire wancan daga wannan, aljihu ai ɗaya ne.

Na ce, "Malam, doka ta san fansho da inshorar lafiya, amma motar ɗan albashi ba ta cikin lissafi, sai motar sana'a."

Ya ce ai tasa ta sana'a ce, kullum yamma yana kabu-kabu zuwa Taminus.

Na ce, "Madalla. To kuɗin fasinjan ma akwai haraji a kansu."

Nan take ya rantse duk 'yan'uwansa ne, kyauta yake ɗaukarsu.