Masu Fassara Kukan Mage

Mage ba ta taɓa neman tafinta ba, amma kowane gida akwai mai yi mata wannan aiki kyauta.

Akwai wanda fassararsa ɗaya ce tak: yunwa. Ta yi miyau, yunwa. Ta gantsare baya tana huci, yunwa. Ko jela aka taka mata, sai ya ce a ba ta kan kifi.

Akwai ɗan zamani mai manhajar MeowTalk, wadda ta fito a 2020. Zai kara wa mage waya a baki, wayar ta ce wai tana ƙaunarsa, alhali idonta na kan ƙadangaren katanga.

Gwanata dai ita ce Gwaggo, kuma kowace unguwa da irinta. A wurinta mage dabba ce da rana, bayan isha'i kuwa sai an bincika. Dare na rabawa, macen da ke neman muzuru ta saki kukan nan mai kama da na jinjiri, Gwaggo ta tashi zaune. "Kun ji ko? Kada wanda ya leƙa, mutanen ɓoye ne." Ka ce, "Gwaggo, lokacin barbararsu ne fa." Ta harare ka. "Yaro man kaza! Da ka san abin da ya sami wance a Fagge." Wancen nan ba ta da suna, unguwarta ma takan koma Gwale in labarin ya zagayo. Gari na wayewa kuma, magen nan dai ce kwance a kan daddumarta tana gurnani ƙasa-ƙasa, Gwaggo na hana yara motsi wai baiwar Allah wuridi take yi.

Sai mu 'yan boko. Mukan kawo binciken Karen McComb na Jami'ar Sussex a Ingila, na 2009, cewa mage kan cusa wani siririn kuka cikin gurnaninta, mai kusa da muryar jariri, don mai gida ya kasa daurewa ya ba ta abinci. Yawanci a tsugune muke wannan bayani, muna zuba mata madara.

Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai kwashe 'ya'yan mage a buhu tun ba su buɗe ido ba, ya jefar a bola. Uwar ta kwana tana bin lungu-lungu tana kira, nono ya cika mata, shi kuma ya fito da takalmi a hannu yana faɗa wai ta hana shi barci, bai san me take so ba. Duk cikinsu shi ne ya fi sanin abin da take faɗa.