Mu Ba Bara Muke Yi Ba

A rubutun boko, haruffa huɗun nan, b-a-r-a, aiki uku suke yi. Akwai bara, shekarar da ta wuce. Akwai bara mai yi wa ubangida hidima. Sai kuma wadda kowa ke gudun a jingina masa, ta miƙa hannu. Lafazi ne ke raba su, shi ya sa idan ka tsare wani kawuna ka ce ya zo bara, sai ya gyara hula ya ce a'a, bana ya zo.

Yaro mai roba kaɗai ya yarda da sunan. Shi zai tsaya a zaure ya ce "iya, ko ɗan ƙanzo", a ba shi ko a ce Allah ya ba da haƙuri, ya ƙara gaba. Shi ma sunan da muke kiransa da shi, almajiri, daga Larabci ne, almuhajir, wanda ya bar gida neman ilimi. Mu ne muka ja kalmar har ta koma kwanon tuwo.

Sauranmu kuwa mun ɗinka wa abin riguna. Maroƙi ya ce sana'ar gado ce, kuma da gaskiyarsa, ko ba komai ya wasa kakanka kafin ya karɓa. Mai kaki a shingen hanya ya ce "yallaɓai, yaranka suna rana". Ɗan siyasar unguwa ya ce a sallami jama'a. Wani kuɗin motarsa zuwa Zariya ya ƙare a bakin masallacin Juma'a, shekara uku ke nan, Zariya ba ta matso ba. Na waya ya fi kowa ladabi: sallama, ya iyali, ya mama da jiki, sai lambar asusu ta faɗo kamar ƙadangare daga rufi.

Amma sarkin tafiyar shi ne ɗan maula. Shadda ta sha bugu, turare na tashi, ya zo "gaisuwa" kawai. Gaisuwar da za a fara da hantsi, a ci tuwon rana a cikinta, ba ta ƙarewa sai hannun maigida ya shiga aljihu. Da gwamnatin Kano ta hana bara a tituna a 2020, ko gezau bai yi ba. An ce titi. Shi a falo yake aiki.

Makon jiya na je taya wani abokin ƙuruciya murnar samun muƙami. Zumunci ne zalla, Allah ya sani, ko da yake na ɗan ambaci kuɗin haya. Awa uku ina kan benci a ƙofar gida tare da wasu masu zumuncin su goma sha, sai ga almajiri ya miƙo mini roba. Na daka masa tsawa, na ce bara ba kyau, ya je ya nemi sana'a.

Ya dube ni, ya dubi bencin, ya ce, "Baba, ku ma bai fito ba?"