Yadda Ake Jiran Dusar Ƙanƙara Ba Tare da An Zare Ba

A jihar Kolorado ta Amurka akwai wasu bayin Allah da suka raina wuraren zamiya a kan dusar ƙanƙara masu kujerar lantarki. Su sai sun hau dutse da ƙafarsu, irin mashigin Berthoud mai tsayin mita 3,446, su yi awa uku suna haki don zamiyar minti goma. Daga Satumba zuwa Nuwamba kuwa, ganye ya yi rawaya amma dusa ba ta zauna ba, sai su koma abin tausayi. In ƙaddara ta jefa ka cikinsu, ga shawara kyauta.

Da farko, ka mai da hasashen yanayi abincinka. Duba waya kafin ka wanke ido. Wanda ya ce maka "ina kwana", ka amsa masa da labarin yanayin El Nino da La Nina. Kada manomi mai jiran ruwan shuka ya fi ka kallon sama.

Na biyu, ɗauko allunan zamiyarka ka narka musu kaki da dutsen gugar uwargida. In ka gama, kankare ka sake. Ranar da ta ga tabo a mayafinta, ka ce laifin mai wanki ne, ko da kai ne mai wankin.

Na uku, motsa jiki. Ɗaure takalman zamiya, saɓa jaka cike da shinkafa, ka yi ta hawa da sauka a matattakalar bene. Maƙwabcin ƙasa zai zo da magana. Miƙa masa jaka ta biyu.

Na huɗu, in ƙaiƙayin ya ƙi lafawa, nufi tudun Sent Meri, inda tsohuwar dusa ke kwana har ta wuce bazara, ta yi dauɗa kamar tsumman goge tukunya. Tafi da tsofaffin alluna, don duwatsu za su sha rabonsu. Ka zame sau biyar, ka ɗauki hoto hamsin. Wasu har ƙona tsofaffin alluna suke yi wai don dusa ta sauko. Kai kada ka shiga wannan shirme. Allo ya yi tsada, sama kuma ba ta karɓar cin hanci.

Na biyar, nan raha ta ɗan ja baya. Sa sabon batir a na'urar da ke nuna inda dusa ta binne mutum, ka cusa ta cikin tarin busasshen ganye, abokinka ya nemo ta da tasa yana duba agogo. Ku fito da shebur da sandar lalube ku gwada su. Wanda dusa ta zaftaro ta rufe, in ya wuce kamar minti 15 a ƙasa, samunsa da rai sai wani ikon Allah. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In dusar Oktoba ta sauka, kada ka yi rawar kai. Takan kwanta siririya, sanyi ya mai da ita kamar sukari, sai sabuwar dusa ta hau kanta ba tare da ta kama ba. A gangara mai digiri 30 zuwa 45, nauyin mutum ɗaya ya isa ya sako ta gaba ɗaya. Kolorado ce ta fi kowace jiha a Amurka yawan waɗanda zaftarewar dusa ta kashe. Don haka, malam, koma ka ƙara wa allo kaki. Dutse ba ya gudu.